Sabon inji ba a fara masa da lodi

Malam, ka ce kun ɗora wa tsohuwar a-kori-kurarka sabon inji, wai ko ka fara lodi? A'a wallahi, dakata. Sai ringi, wato zobban fistin, sun zauna jikin silinda tukuna, in ba haka ba ta dinga shan baƙin mai tana hayaƙi. Kar ka bar ta a silo, wato a kunne tana tsaye, ta daɗe, hau titin Birnin Kebbi zuwa Jega kana taka totur kana saki, ban da gudu iri ɗaya, idonka kan agogon zafi don ranar garin nan ba wasa. In ta ci kilomita kamar 800 ka juye baƙin mai ka canza filtarsa, za ka ga ɗan ƙyallin ƙarfe ciki, kar ka tsorata. Buhunan shinkafa sai bayan nan.