Na Sayi Tsohon Shagon Fiza a Bronx: Hukuncin Tanderun da Aka Gasa Alade a Ciki, da Rubutun da Ke Kan Allo

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Bronx ne a birnin New York, na daɗe ina tuƙin tasi. Da ɗan abin da na tara, ni da wani ɗan'uwana muka haɗa hannu muka sayi shagon fiza a unguwarmu daga wajen wani dattijo ɗan asalin Italiya, wanda ya riƙe shi fiye da shekara arba'in. Babu wanda bai san shagon ba a unguwar. Muna so mu gyara shi mu mayar da shi na halal. Abin da ke hana ni barci shi ne tanderun: duk tsawon shekarun nan ana gasa naman alade a cikinsa, sabo kuwa ya fi ƙarfin aljihunmu yanzu. Yana tsarkakuwa? Sannan mun biya kuɗi daban saboda sunan shagon, wani ya ce min sayen suna sayen iska ne. Abokin tarayyata yana so mu sabunta allon amma mu bar rubutun da ke ƙasa, mai cewa shagon na iyali ɗaya ne tun shekarar da aka buɗe shi, kuma kada mu gaya wa tsofaffin kwastomomi cewa feferonin, wato yankakken naman da ake jerawa a kan fizar, ya koma na naman sa, don kada su gudu. Akwai kuma ragowar katan-katan na giya a sito.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya sa wa wannan sana'a albarka, ɗan'uwa.

Ka kwantar da hankalinka game da tanderu, domin matsalarsa mai sauƙi ce. Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwanukan Ma'abota Littafi. Aka ba shi amsa da cewa idan sun sami wasu kada su ci a cikin waɗannan, idan ba su samu ba su wanke su ci. Buhari da Muslim sun ruwaito shi, a ruwayar Abu Dawud kuma an ambata cewa mutanen suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a kofunansu. Ka ga tukunyar da aka dafa alade a cikinta wanki yake tsarkake ta, ba a ce a fasa ba.

Duk abin da yake ƙarfe ne a shagon, jikin tanderu da ƙofarsa, farantai, wuƙaƙe, teburin kwaɓa fulawa, ba ya shan maiƙo. Ka kankare, ka wanke da sabulu har maiƙon ya tafi, sannan ka ɗauraye da tsabtataccen ruwa har babu sauran launi ko wari. A mazhabar Imamu Malik babu adadin wanki da aka ƙayyade wa najasar alade. Wanki bakwai a kan lasar kare ya zo, Shafi'awa ne suka riskar da alade da shi ta hanyar ƙiyasi. Idan ka ga dama ka yi bakwai ɗin saboda maƙwabtanka 'yan Yaman masu bin Shafi'iyya, ka kyauta, amma ba wajibi ba ne a kanka. Injin yanka nama shi ne abin lura: a warware shi gunduwa-gunduwa, saboda a lungunan da ido ba ya gani kitse yake maƙalewa. Katakan yanka da dogon katakon da ake zura fiza da shi kuwa, zubar da su ka sayi sababbi, ba su da tsada.

Inda ake buƙatar tsayawa shi ne falalen dutsen da ke shimfiɗe a cikin tanderun, wanda ake ɗora fizar kai tsaye a kansa. Dutsen nan yana da ƙananan ƙofofi kamar tukunyar ƙasa, kuma shekara da shekaru cuku da man feferoni suna ɗiga a kansa yana tsotsewa. Shaihu Halil a Mukhtasar ya lissafa abin ƙasa da najasa mai ratsawa ta shige shi cikin abubuwan da ba sa karɓar tsarki da wanki. Saboda haka abin da nake ba ka fatawa da shi: ka canza duwatsun. Ana cire su, ana sayar da su daban, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabon tanderu ba. Idan ko wannan ya gagare ka a yanzu, akwai sauƙi. Ka kankare su, ka kunna tanderun a ƙarshen zafinsa, wanda ke kaiwa wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, ka bar shi awanni babu komai a ciki har maiƙon ya ƙone ya koma toka, ka share da buroshi. Hanafawa suna ganin wuta tana tsarkakewa. Abin dogaro a wurin malaman Malikiyya na baya, irin su Dardir, shi ne tokar najasa mai tsarki ce, kuma Halil da kansa ya ce idan ainihin najasa ya gushe ba da ruwa ba, abin da ya taɓa wurin ba ya najastuwa. Kada dai ka watsa wa dutsen ruwa yana da zafi, tsagewa zai yi.

Giyar sito: idan ba ta cikin cinikinku, kayan dattijon ce, ka ce ya turo a kwashe masa, kai dai kada ka ɗauka da hannunka ko motarka, domin mai ɗaukar giya yana cikin waɗanda aka la'anta. Idan kuwa an haɗa muku da ita a lissafi, ku zubar ku nemi gafarar Allah. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi game da giyar da marayu suka gada, aka ce ya zubar, alhali dukiyar marayu ce.

Wanda ya ce maka sayen suna sayen iska ne bai yi daidai ba. Shekara arba'in dattijon nan yana tashi yana kwaɓa fulawa kafin sunan ya zama abin da mutane ke tsallake shaguna uku su zo wurinsa. Abin da mutane suka saba ɗauka a matsayin dukiya, shari'a ba ta haramta shi ba, dukiya ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke haka a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988: sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙi ne na mai shi, ya halatta a sayar a saya. Sai dai ta sa sharaɗi, cewa kada a sami yaudara ko ɓoye aibi ko algus. Wannan sharaɗin shi ya kawo mu ga shawarar abokin tarayyarka, kuma ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarka, duk da ka sako ta kusa da ƙarshe.

Rubutun da ke cewa shagon yana hannun iyali ɗaya tun farkonsa gaskiya ne jiya, yau ya zama ƙarya. Iyalin sun tafi. Tsohuwar da ta saba saye wa jikokinta fiza a nan, idan ta ɗaga kai ta ga rubutun, abin da za ta fahimta shi ne hannun da ta sani yana nan, ko na ɗansa. A kan wannan fahimtar za ta ba da kuɗinta. Annabi ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Lura, mai hatsin bai furta ƙarya ko ɗaya ba, shirya kayan kawai ya yi yadda ido zai ruɗu, kuma hakan ya isa. Naku kuwa rubutu ne ɓaro-ɓaro a bakin titi.

Batun feferoni ma haka yake. A Amurka idan aka ce feferoni aka yi shiru, kowa ya san da alade a ciki. Ƙa'idar malamai ita ce abin da aka saba da shi a al'ada kamar sharaɗi ne da aka furta. Naman sa ya fi tsarki, babu shakka, amma wannan ba ya ba ka damar ba mutum abin da bai nema ba kana nuna masa shi ne. Kai da ka yi shekaru a ƙasar nan kana juya bayan kwali kana karanta abin da aka haɗa abinci da shi, ka fi kowa sanin zafin a ci da kai abin da ba a gaya maka ba. Haƙƙin nan ba na Musulmi kaɗai ba ne. Haramcin algus bai ware Kirista ko wanda ba shi da addini ba. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da ɗaya daga cikinsu ya gano, ba kai kaɗai zai zaga ba, har da kalmar halal da ke jikin gilashinka.

Tunda mun zo kan kalmar, ita ma shaida ce kake bayarwa. Ka san inda namanka yake fitowa da wanda ya yanka. Ka tambayi mai kawo maka cuku da abin da aka daskarar da madarar, domin wani ana yin sa da sinadarin cikin ɗan maraƙi, malamai kuma sun yi saɓani a kansa idan ba a yanka dabbar ba. Wanda ba na dabba ba yana nan da yawa a kasuwa, ka zaɓe shi ka fita daga saɓani. Jihar New York tana da dokar kare abincin halal tun 2005, wadda ta wajabta wa mai sayar da abinci da wannan suna yin rajista da sashen aikin gona da kasuwanni na jihar. Ka cika ta.

Tsoron abokinka ba na banza ba ne, wasu za su daina zuwa. Amma hadisin Hakim bin Hizam ya ce masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana ana sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya ana shafe albarkar cinikinsu. Kuma ba ku rasa tarihin da kuka saya ba. Kuna iya riƙe tsohon sunan tunda naku ne yanzu, ko ku haɗa shi da sabo. Kuna iya rubuta cewa ana gasa fiza a wannan kwanar tun shekara kaza, wannan gaskiya ne. A cire kalmar iyali kawai, a ƙara cewa shagon yana hannun sababbin masu shi, a takardar jerin abinci kuma a rubuta feferonin naman sa. Idan dattijon ya koya muku kwaɓinsa da miyarsa kuma da su kuke aiki, ku faɗa, da izininsa. Ka karanta wa ɗan'uwan naka wannan amsa kafin ku kira mai rubuta allo.

Allah ne mafi sani.