Muryar da aka turo guruf: tamfilet da foyinta a C++

Salamu alaikum jama'a. To ƙanina, na ga tambayarka tun da rana, sai yanzu na samu sarari. Ka ce ka rubuta tamfilet, wato fankishin da ke aiki da kowane nau'in data T, ka sa masa suna "babba", yana karɓar T a da T b ya dawo da wanda ya fi girma, da int lafiya lau yake aiki amma da ka ba shi foyinta biyu, wato masu riƙe adireshin abu a memori, sai ya riƙa kawo amsar da ba ita ba.

Wallahi kwamfaila, wato mai fassara kod ɗinka ga na'ura, bai yi laifi ba, abin da ka sa shi ya yi. Da ka miƙa foyinta T ɗin nan ya koma int*, kenan a > b adireshi yake aunawa, lambar gida yake dubawa ba wanda ke cikin gidan ba, don haka wanda adireshinsa ya fi girma a memori shi zai ci ko da 5 ne a cikinsa ɗayan kuma 900.

Abin da za ka yi, ka ƙara wani fankishin mai suna "babba" ɗin mai karɓar T* a da T* b, a ciki ka auna *a da *b, wato abin da ke cikin adireshin, kwamfaila da kansa zai zaɓe shi tunda shi ya fi dacewa. Amma don Allah ka fara duba nullptr, wato foyintan da ba ya nuna komai, kafin ka sa tauraron nan (*). In kana kan C++17 kuma, if constexpr da std::is_pointer_v sun ishe ka gane ko T foyinta ne a fankishin ɗaya. Rubutu irin "Kano" da "Zariya" shi daban ne fa, harafin farko kawai *a zai ɗauko, strcmp mai auna rubutu gaba ɗaya yake buƙata ko ka koma std::string.

Sai rifarens, wato wani suna na abin da yake akwai ba kwafinsa ba, nan ne na fi ji maka tsoro. Karɓa da const T& yana da kyau, babu kwafi, haka std::max yake. Amma in ka rubuta const int& r = std::max(x, 10) kuma 10 ɗin ya ci, to shi na wucin gadi ne, layin na ƙarewa ya mutu, r na nuna wurin da babu kowa, kuma abin damuwar yau zai yi aiki gobe ya ƙi. Ni na taɓa kwana biyu cur ina neman irin wannan. Cire & ɗin, ka ajiye a int kawai.

Ka gwada ka turo hoton abin da ya fito mu gani.