Me ya sa kundayen da 50 Cent ya fitar daga baya suka rasa karɓuwa?

Tambaya: Malam, na taso ina sauraron waƙoƙin gambarar 50 Cent a lokacin da babu kamarsa, amma na lura kundayen da ya fitar daga baya ko masoyansa ba su damu da su ba. Shin tsufa ne ya cim masa, ko kuwa basirar ce ta ƙare?

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma alƙaluman kasuwa suna bayanka. Kundinsa na farko, Get Rich or Die Tryin', wanda ya fito a Fabrairun 2003, ya sayar da kwafi 872,000 a makon farko a Amurka, na biyun kuwa, The Massacre, ya haura miliyan ɗaya cikin kwana huɗu a 2005. Zuwa 2009 Before I Self Destruct bai wuce kimanin 160,000 a makon farko ba, sannan Animal Ambition na 2014 ya tsaya ƙasa da 50,000. Sai dai ban yarda tsufa ne sanadi ba, domin shekarunsa 34 kacal lokacin da kundin 2009 ya fito.

A ganina, babban dalilin shi ne abin da Curtis Jackson, wato 50 Cent, ya sayar wa duniya tun farko labarin rayuwarsa ne, waƙa kuwa ta zo ne a matsayin abin da ya ɗauko labarin. Matashi ne daga unguwar South Jamaica ta birnin New York, wanda ya yi harkar ƙwaya, aka harbe shi sau tara a shekarar 2000 bai mutu ba, har harsashin da ya same shi a muƙamuƙi ya sauya masa lafazi, ya bar masa wannan jan magana da aka san shi da ita. Idan ya hau dandamali sanye da rigar sulke, mai kallo ya san ba ado ba ne. Kiɗan Dr. Dre da goyon bayan Eminem, waɗanda suka ɗauke shi a 2002, suka haɗu da wannan labari, ga kuma gwanintarsa ta tsara amshi mai saurin kama baki.

To amma irin wannan labari sau ɗaya ake jin daɗinsa. Bayan da kamfanin Coca-Cola ya sayi kamfanin da ke yin abin shan nan Vitaminwater a 2007 kan dala biliyan 4.1, kuma kowa ya san yana da hannun jari a ciki, sai ya zama attajiri mai zaune a katafaren gidan da ya saya a jihar Connecticut yana rera barazanar bakin titi kamar har yanzu yunwa na korar sa. Masu sauraro ba sa yafe wannan saɓani, musamman a fagen da ake auna mawaƙi da gaskiyar abin da yake faɗa. Bai kuma nemo wani sabon batu da zai maye gurbin tsohon ba.

A daidai lokacin ne ɗanɗanon jama'a ya juya. Ranar 11 ga Satumban 2007 ya fitar da kundinsa Curtis rana ɗaya da kundin Graduation na Kanye West, bayan ya yi cika-bakin cewa zai daina fitar da kundi idan aka fi shi ciniki. A makon farko Kanye ya sayar da 957,000, shi kuma 691,000. Adadin nasa ba abin rainawa ba ne, amma mutumin da ya gina sunansa a kan cewa ba a kayar da shi, kaye ɗaya a bainar jama'a ya ishe shi illa. Daga nan ƙofa ta buɗe ga masu waƙar zuci da rauɗa murya irin su Drake, kiɗan jihohin kudancin Amurka kuma ya mamaye rediyo.

Wasu kan ɗora laifin a kan rushewar kasuwar faifai, kuma akwai ƙamshin gaskiya, tunda cinikin kundaye a Amurka ya ragu da fiye da rabi tsakanin 2000 da 2009 saboda sauke waƙoƙi daga intanet. Amma wannan hujja ba ta isa ba, ganin cewa Lil Wayne ya sayar da fiye da miliyan ɗaya a mako guda a 2008, Eminem kuma ya sayar da 741,000 a mako guda a 2010 cikin wannan kasuwar dai.

Rigingimu ma sun ci masa. Faɗansa da Ja Rule ya ɗaga shi, amma da ya kori The Game daga ƙungiyarsa ta mawaƙa, G-Unit, a 2005, ya rabu da Young Buck a 2008, ya shiga cacar baki da Rick Ross a 2009, sai habaici ya zama abin da aka fi sauraro daga gare shi fiye da waƙa.

Game da tsufa kuwa, dubi tsararrakinsa da ma yayyensa. Jay-Z yana da shekara 47 ya fitar da kundin 4:44 a 2017, inda ya yi magana a kan aure da dukiya da gadon 'ya'ya, kuma aka karɓe shi hannu bibbiyu, Nas ma sai a 2021 ya ci kyautar Grammy ta farko. Su sun bar waƙarsu ta girma tare da su. Shi 50 Cent hankalinsa ya koma talabijin, inda shirin Power da ya fara a tashar Starz a 2014 ya zame masa sabuwar sana'a. Kundin Street King Immortal da ya shafe kusan shekara goma yana alƙawarin fitarwa, a 2021 ya bayyana cewa ya fasa, rangadin da ya cika filaye da shi a 2023 kuwa na bikin cikar kundinsa na farko shekara ashirin ne.