Ƙasa zaka tambaya, ba wata ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka share bayan gida zaka yi ɗan lambu, kana tambaya wai me yasa manya basa shuka da ruwan farko, kuma da gaske ne sai an duba tsayuwar wata kafin a sa iri. Toh saurara.

Zancen wata ni dai ban ɗauke shi da nauyi ba, iri abinda ya sani danshi ne da ɗumin ƙasa. Amma na ruwan farko akwai dalili babba. Sau da yawa saman ƙasa kawai yake jiƙawa, iri ya ji danshi ya tsage ya fitar da 'yar saiwa, sai ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi tun bai yi ganye ba, shikenan kayi asarar iri da wahala. Shi yasa suke jira. Kai ma ka tona kamar tsawon tafin hannu, ka damƙo ƙasar ka matse, in ta dunƙule kuma da ka danna da yatsa ta wargaje toh tayi. In ruwa na tsiyaya tsakanin yatsunka dakata tukuna, ruɓewa irin zai yi.

Sannan ba duka kayan lambu ke son lokaci ɗaya ba, nan yaran yanzu kuke kuskure, ku zuba komai rana guda. Latas da karas da kabeji sanyi-sanyi suke so, latas ma in zafin ƙasa ya haura digiri 30 irin sai yaƙi tsirowa. Kubewa kuwa ɗumi take so. Tumatir yana tsakiya, amma in zafi ya kai wajen digiri 35 lokacin fure sai furen yayi ta zubewa, ganye shar amma ba 'ya'ya, don haka lissafinsa daga lokacin fure ake farawa a yo baya, yana sati 4 zuwa 6 a wurin reno kafin dashe, ka auna kar furensa ya faɗo tsakiyar zafi.

In kana da ruwan ban ruwa kullum ba fashi, jiran ruwan sama bai zama dole a kanka ba, manya ma da can rashin ruwan ne ya sa suke jira. Dashe kuma da yamma zaka yi in rana tayi sanyi, ka bashi ruwa nan take. Ka faɗa min wane iri ka sayo, da awa nawa rana ke dukan wurin.