Tambaya da Amsa: Me ya kai jita cikin kiɗan Front Line Assembly?

TAMBAYA: Salam Malam. Ban daɗe da fara sauraron Front Line Assembly ba. Kundinsu Tactical Neural Implant ya shiga raina sosai, sai na nemo wanda ya biyo bayansa, Millennium, na ji jita tana ta ruri kamar ta 'yan metal, masu kiɗan rock mai tsananin ƙara. Anya mutanen nan ne kuwa? Ko dai kuɗi suka bi? — Wani ɗalibi mai karanta mu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Su ɗin ne dai, Bill Leeb da Rhys Fulber na birnin Vancouver a Kanada. Ni ma ranar da na fara jin Millennium sai da na cire abin kunne na sake duba sunan da ke jikin faifan.

Leeb ya kafa ƙungiyar a 1986 bayan ya bar Skinny Puppy, wata ƙungiyar kiɗan na'ura ta Vancouver. Salon da suke yi, wato electro-industrial, kiɗa ne na na'ura zalla: gangar lantarki mai bugu ba gajiya, murya da aka murɗe ta koma kamar ta mutum-mutumi, da guntayen maganganu da ake yankowa daga finafinai. Tactical Neural Implant na 1992 shi ne wanda masoya da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwarsu, kuma ina cikinsu.

To tsakanin 1992 da 1994 kasuwa ta juya. 'Yan ƙungiyar Ministry ta Amurka sun fitar da kundinsu Psalm 69 a 1992, jita tsababa a kan gangar na'ura, suka sayar fiye da yadda aka saba a wannan fage. Nine Inch Nails, su ma masu haɗa jita da na'ura, suna tashe. Su kansu Leeb da Fulber a 1993 sun yi wa Fear Factory, 'yan metal na Amurka, aikin sake haɗa waƙoƙinsu. Sannan kamfanin da ya fitar da Millennium a 1994, Roadrunner, gidan 'yan metal ne. Don haka zarginka na kuɗi ba zan ce babu ƙamshin gaskiya ba. Mai kiɗa ma yana cin abinci.

Amma ga inda nake so ka kasa kunne. Wani ɓangare na jitar da kake ji, ba wanda ya tsaya ya kaɗa musu ita. Yanko ta suka yi daga faifan wasu 'yan metal, irin su Pantera da Sepultura, suka zuba a na'urar ajiye sauti, suka yayyanka, suka jera ta tana maimaituwa daidai wa daida. Abin da suka saba yi wa muryar ɗan fim shi suka yi wa jita. Saurari yadda take yankewa cak, ba jan numfashi, ba ɗan kuskuren yatsa. Hannun mutum ba ya yin haka. Inda suka buƙaci a kaɗa da gaske, akwai wani matashi ɗan yankinsu, Devin Townsend, wanda daga baya ya yi suna da ƙungiyarsa Strapping Young Lad. Har waƙar rap guda suka saka, wadda ni dai tsallake ta nake yi har gobe.

Aibin kundin a wurina shi ne cunkoso. Jita tana da faɗin baki, idan ta shigo sai ta danne ƙananan sautukan nan masu yawo daga kunnen hagu zuwa na dama, waɗanda su ne daɗin kundin 1992. Suna nan, sai dai ka tono su.

Ba su kuma zauna a nan ba. A Hard Wired na 1995 jitar ta ja baya kaɗan, na'ura ta karɓi gabanta. Leeb da Fulber ɗin nan dai su ne kuma Delerium, masu kiɗa mai sanyi da suka yi waƙa da mawaƙiyar Kanada Sarah McLachlan, ka ga sauya riga ba baƙon abu ba ne gare su. A 2013 kuma kundin Front Line Assembly mai suna Echogenetic ya fito babu jita, sai ruɗin dubstep, wato kiɗan na'ura mai kaurin sauti, wasu masoyan suka sake yin irin ƙorafinka.

Shawarata, ka saurari Hard Wired tukuna, kwana biyu ko uku, sannan ka koma wa Millennium da abin kunne mai kyau, ba lasifikar waya ba. Ka bi gangar da bes ɗin, wato sautin nan mai kauri da ke ƙasa, ka ƙyale jitar ta yi ta haushinta. In har yanzu bai yi maka ba, rubuto mini, mu koma kan Skinny Puppy da nasu Rabies na 1989, wanda Al Jourgensen na Ministry ya sa wa hannu, aka yi irin wannan rigimar shekara biyar kafin ta Millennium.