Ƙarni, zarni da kokon da ya tsinke

Wani mai karatu daga Aboabo a Kumasi ya rubuto: "Malam, mene ne bambancin ƙarni da zarni? Yaranmu komai wari suke cewa."

Ɗan'uwa, a gyara wa yaran, domin asara ce. Wari shi ne uban gida, amma Bahaushe ya raba shi daki-daki: ƙarni na ɗanyen kifi da jini da ƙwai, zarni na fitsarin da ya kwana, ƙauri na abin da ya ƙone, ɗoyi na mushe. Hancin kakanninmu bai yi kuskure ba, don masana sinadarai ma sun tarar kowanne da tushensa.

Ƙarnin kifi daga dangin sinadaran da ake kira amin yake, waɗanda tushensu amoniya ce. Kifin teku yana da wani sinadari a tsokarsa marar wari. Da ya mutu, ƙwayoyin cuta sai su juya shi ya koma wani nau'in amin mai suna tiraimetilamin, wanda ke zama iska tun a wajen digiri 3 na ma'aunin Selsiyos. A zafin Kumasi kuwa ba ya zama cikin tsoka, hanci yake nufa. Shi ya sa kifin teku da aka kawo daga Tema ko Elmina ya fi karfasar tafkin Bolta saurin ƙarni, muddin ƙanƙara ta narke a hanya. Kifin ruwan daɗi ba shi da wannan sinadari da yawa. Zarni kuma galibi amoniya ce. Sabon fitsari bai cika zarni ba, sai ƙwayoyin cuta sun farfasa sinadarin yuriya da ke cikinsa da wani enzayim, wato sinadari mai hanzarta farfasa abubuwa, mai suna yuriyes.

Wata uwargida daga Asawase ta tambayi ma'anar "kanwa ta kar tsami", da ko kanwa za ta kashe ƙarni.

"Kar" gajeren "kashe" ne. Ana faɗin karin maganar idan rigima ta mutu, kowa ya samu natsuwa, wasu ma sukan ƙarasa da "ƙwannafi ya kwanta". Asalinta daga madafa ne: a jefa 'yar ƙwayar kanwa a miyar yakuwa, a ga kumfa ta taso, tsamin ya faɗi. Amma Hajiya, kada ki kai kanwa kan kifi. Kanwa da amin ɓangare ɗaya suke, dukansu kishiyoyin tsami ne, ƙara tayar da ƙarnin za ta yi. Tsami ne maganinsa. A wanke kifin, a matse lemun tsami 1 ko 2 a kan kilo guda, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Tsamin yana ɗaure amin ya zama gishirin da ba ya tashi a iska. Idan aka bar shi ya daɗe, tsokar sai ta yi fari ta fara dagargajewa. Kuma lemu ba ya gyara kifin da ya riga ya ɓaci, wannan zubarwa ake yi.

Tambaya ta uku daga wata mai koko ce: me ya sa ake cewa koko "ya tsinke", alhali ba igiya ba ne?

Wannan kalma tana burge ni ƙwarai, don ta faɗi ainihin abin da ke faruwa. Sitacin gero dogayen sarƙoƙi ne na sukarin gulukos. Tafasasshen ruwa yana kumbura su su sarƙe da juna, shi ne kaurin koko. Enzayim ɗin amiles, wanda ke cikin yawu da tsiron hatsi da ɗanyen dankali, yana yayyanka sarƙoƙin nan. Don haka idan aka lashi ludayi aka mayar cikin roba, koko zai iya zama ruwa tsululu kafin a sayar da rabi. A ware cokalin ɗanɗano daban, kada ya koma ciki.

Masu kunun zaƙi kuwa da gangan suke neman tsinkewar. Sai damammen ƙullu ya ɗan huce, ya sauko wajen digiri 60 zuwa 70, sannan a zuba markaɗaɗɗen tsiro ko dankali, a rufe ya kwana. Wadda ta zuba a kan tafasa ta kashe amiles ɗin, kununta zai wayi gari da kauri, ba zaƙi sai ta ƙara sukari.