Tambaya da Amsa: Me ya sa hotona ke yin dishi-dishi?

Tambaya: Malam, duk hoton da na ɗauka da magariba ko a ɗaki sai ya fito dishi-dishi, alhali da rana tas yake fita. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Wayarka lafiyarta lau, haske ne ya yi mata kaɗan. Da rana idon kyamara kan buɗe ya rufe cikin 1/500 na daƙiƙa. In duhu ya yi sai ya daɗe a buɗe, wani lokaci har 1/8, kuma duk rawar da hannunka ya yi a tsakanin nan sai ta shiga hoton. Ka riƙe wayar da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a jiki, ko ka jingina ta da bango. Ka sa ƙidayar daƙiƙa 3, don danna maɓallin kansa na girgiza ta. In wayar na karɓar saitin hannu, kada ka bar idon kyamarar ya daɗe a buɗe fiye da 1/60 na daƙiƙa in mutum kake ɗauka, sannan ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 800. In ka zarce 1600, sai ɗige-ɗige kamar yashi su cika hoton. Kafin duk wannan ma, goge gilashin kyamarar da tattausan ƙyalle, don maiƙon yatsa ne ke sa fitilu yin jela.

Tambaya: Na ɗauki ƙawata a bakin taga, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Amsa: Hasken yana bayanta ne, shi kyamarar ta auna ta bar fuskar. Ki juya ta ta fuskanci tagar, ko ki taɓa fuskarta a allon wayar kafin ki ɗauka.